Kumburi da tauri bayan allurar ɗuwawu: jini ne ya taru a tsoka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana shan warfarin, maganin tsinka jini, tun da aka gano masa gudan jini a ƙafa. Shekaranjiya ciwon baya ya matsa masa, aka yi masa allurar diclofenac a ɗuwawu a wani kemis. Kafin dare wurin ya kumbura ya yi tauri, yanzu ko zama ba ya iya yi a kai. Maƙwabta sun ce allurar ce ba ta narke ba, mu riƙa gasa wurin da ruwan zafi muna mulmulawa. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ku daina gashin nan, ku daina mulmulawa, ku kai shi babban asibiti yau, inda ake da ɗakin gwajin jini da wurin ƙarin jini. Ku tafi da kwalin warfarin ɗin, da katinsa na asibiti, da duk wani magani da ya sha a makonnin nan, har da na gargajiya. Kada ya sha warfarin na yau sai likita ya gan shi. Amma kada ku dakatar da maganin ku ci gaba da zama a gida, domin gudan jinin da ya sa aka ɗora shi a kai yana iya dawowa. Likita ne zai auna haɗarin biyu ya yanke.

Batun allura ba ta narke ba bai dace da abin da kika bayyana ba. Diclofenac na allura miligiram 75 ne a cikin ruwa mil 3, kuma tsoka tana shanye shi cikin 'yan awanni. Ruwa mil 3 bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, ba zai kumbura ɗuwawun babban mutum har ya hana shi zama ba. Kumburin da ya taso cikin awanni, ya yi tauri, yake ƙaruwa, a jikin mutumin da ke shan maganin tsinka jini, jini ne ke zuba a cikin tsoka har sai gwaji ya nuna wani abu dabam.

Dalilin da ya sa ake allura a tsoka shi ne yawan jijiyoyin jinin da ke cikinta, domin su ne ke kwashe magani da sauri. Saboda haka babu allurar tsoka da ba ta huda ƙananan jijiyoyi a kan hanyarta, ko da hannun mai yin ta ya kai ƙwarewa. A jikin mai lafiya jijiyar da aka huda takan tsuke nan take, ƙwayoyin filatilet su taru su toshe ƙofar, sannan sinadaran daskarar da jini da hanta ke haɗawa su ɗaure toshiyar. Cikin mintuna an gama, abin da ya zuba bai wuce ɗigo kaɗan ba. Warfarin yana raunana mataki na uku, domin yana hana hanta amfani da bitamin K wajen haɗa huɗu daga cikin waɗannan sinadarai. Diclofenac kuma yana raunana mataki na biyu, wato aikin filatilet. Ke nan an huda tsokar Baba da maganin da shi kansa yake ƙara hana ƙofar rufewa. Idan kuma a kwanakin nan ya sha Flagyl, ko Septrin, ko ciprofloxacin, ko fluconazole, waɗannan suna ƙara wa warfarin ƙarfi sosai, jini ya tsinke fiye da yadda aka nufa. Lallai a faɗa wa likita idan an sha ɗaya daga ciki.

Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, zubar ta ƙaru. Mulmula kuwa tana ɓalle ɗan gudan da jiki ya samu ya haɗa da ƙyar, kamar a toshe yoyon randa da laka sannan a sa yatsa a ƙwaƙule kafin ta bushe. Man zafi ma haka. Abin da ya fi waɗannan muni shi ne a kira wanzami ya yi ƙaho ko sakiya wai don a fitar da mataccen jini, ko wani ya soka sirinji ya zuƙo. A jikin da jini ba ya daskarewa wannan buɗe sabuwar ƙofa ce, ga kuma shigar da ƙwayoyin cuta cikin jinin da ya taru, wanda a nan suka fi saurin hayayyafa.

Abin da ke sa a tsorata da zubar jini a ɗuwawu da cinya shi ne girman wurin. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kuma cinya ko ɗuwawu na iya ɓoye lita guda ko fiye ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. A baƙar fata kuma shatin jinin ba ya bayyana da wuri, wani lokaci sai bayan kwana biyu ko uku a gan shi ya gangaro bayan cinya, nesa da inda aka soka allurar. Don haka kada ku jira ganin launi. Ku kwantar da shi rub da ciki, ku kwatanta ɓangarorin biyu da ido da tafin hannu, ku zagaye iyakar taurin da biro, ku rubuta lokaci a gefe. Idan bayan awa ɗaya ko biyu taurin ya tsallake layin, zubar ba ta tsaya ba. A cinya tef ɗin tela ya fi biro amfani: a auna kewayen cinyar a wuri guda da aka yi wa alama, a kwatanta da ɗayar.

Akwai alamomin da idan an gan su ba a jiran gari ya waye. Jiri idan ya tashi zaune, gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, bugun zuciya sama da 100 a minti, cikin ido da tafin hannu su yi fari, fitsari ya ragu: jini ne ya yi ƙasa. Akwai kuma matsin da jinin ke yi a inda ya taru. Tsoka tana cikin wani rufi mai tauri da ba ya miƙewa, idan jini ya cika wurin sai ya matse ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar kanta, ta fara mutuwa cikin awanni kamar 6. Alamarsa ciwo ne da ya wuce misali, wanda magani ba ya taɓawa, kuma yana tsananta idan aka lanƙwasa kwatangwalo tsokar ta miƙe. Fitsari ya yi duhu, ja-ja ko baƙi-baƙi, na nuna tsoka ta fara lalacewa kuma ƙoda na cikin haɗari. Sannan babbar jijiyar ji da motsi ta ƙafa, wadda likitoci ke kira sayatik, ta ƙarƙashin tsokar ɗuwawu ta bi. Idan jini ya danne ta, ƙafa takan sage, zugi ya sauka har tafin ƙafa, ko mutum ya kasa ɗaga yatsun ƙafarsa sama. Ki ce wa Baba ya ɗaga babban yatsansa da tafin ƙafar zuwa sama, ki kwatanta da ɗayar ƙafar. Lokacin da alamar ta fara yana taimaka wa likita: idan tsinken allura ne ya taɓa jijiyar, ciwon kan zo a take, lokacin da ake sokawa; idan jini ne ya danne ta, sai bayan awanni ko washegari.

Ƙurjin allura yakan zo da jinkiri. Yawanci sai bayan kwanaki, ko mako, wurin ya yi zafi a hannu, yana zuga, zazzaɓi ya biyo baya, daga baya tsakiyarsa ta yi laushi. Taruwar jini kuwa a ranar farko ko ta biyu take nuna kanta. Amma jinin da ya taru yana iya rikiɗewa ya zama ƙurji, don haka zazzaɓi ko sabon ciwo bayan kumburi ya fara sauka dalili ne na komawa asibiti.

A asibiti za a duba hawan jini da bugun zuciya, a ɗebi jini a auna yawansa da adadin filatilet, a yi gwajin INR, wanda ke nuna yadda jini ya tsinke, a kuma tantance rukunin jininsa ko da za a buƙaci ƙari. Ga mai gudan jini a ƙafa ana son INR tsakanin 2 da 3; idan ya haura haka da yawa, an gano inda matsalar take. Awon yawan jini na farko yana iya fitowa da kyau alhali zubar na ci gaba, shi ya sa ake maimaitawa bayan wasu awanni. Hoton sikanin yana nuna girman jinin da zurfinsa, kuma yana bambanta shi da mugunya. Idan zubar babba ce, ana warware ƙarfin warfarin da bitamin K, miligiram 5 zuwa 10 ta jijiya a hankali, ba a tsoka ba. Da yake bitamin K na ɗaukar awanni kafin ya fara aiki, ana haɗawa da ruwan jini na filasma, kusan mil 15 ga kowane kilo na nauyin jiki, ko tattararrun sinadaran daskarewa a inda ake da su. Ana ƙara jini idan ya yi ƙasa. Yawancin irin wannan kumburi ba a yanka shi. Da zarar jini ya koma daskarewa, jiki kan shanye abin da ya taru cikin makonni. Tiyata ta zama dole ne idan jijiyar ƙafa ta matsu, ko tsoka na neman mutuwa, ko zubar ta ƙi tsayawa, ko ya zama ƙurji.

Kafin ku isa, ku naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai daskarewa a tsumma, ku ɗora minti 15 zuwa 20, ku danna a hankali da tafin hannu ba tare da murzawa ba. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. A ɗauke shi a mota yana kwance, kada ya taka da ƙafarsa ya yi doguwar tafiya, kuma kada a ɗora shi a babur. Don ciwo, farasitamol kaɗai: giram 1 kowane awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Ban da ibuprofen, ban da asfirin, ban da diclofenac na sha, ban da haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, domin galibi akwai irin waɗannan a ciki.

Ga mai lafiyar jini da ya ga ɗan kumburi ko shati bayan allura, abin bai kai haka ba. Ƙanƙara a kwana biyun farko, hutu, farasitamol, sai a bar shi. Cikin mako ɗaya zuwa uku ya baje. Gashi da ruwan ɗumi yana da amfani, amma sai bayan kwana biyu ko uku, lokacin da aka tabbata kumburin ya daina ƙaruwa.

Abin da ya fi ba ni takaici a irin labarin Baba shi ne tambaya guda ta isa ta hana shi faruwa. Duk wanda zai soka wa mutum allura a tsoka ya kamata ya fara tambaya: kana shan maganin tsinka jini? Idan ka yanke, jininka na daɗewa bai tsaya ba? Ban da warfarin akwai rivaroxaban, apixaban, allurar heparin da enoxaparin, sai clopidogrel da asfirin da masu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke sha. Masu ciwon hanta mai tsanani, masu ciwon ƙoda da ake wa wankin jini, da masu sankarar jini duk suna cikin wannan sahu. Likitoci da yawa suna kauce wa allurar tsoka idan filatilet ya sauka ƙasa da 50,000, alhali na mai lafiya tsakanin 150,000 ne da 450,000.

A ƙasarmu akwai wasu yanayi da ya kamata ma'aikacin lafiya na karkara ya riƙe da kyau, domin a nan ne hannu ya fi saurin kai wa sirinji. Na farko saran kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, macijin da ya addabi manoma da makiyaya har aka san asibitin Kaltungo a jihar Gombe da jinyar saransa. Dafinta yana cinye sinadaran daskarewa, jini ya koma ruwa. Wanda ta sara ba a yi masa allurar tsoka kowace iri, har ta tetanus, sai an ba shi maganin dafi ta jijiya jini ya dawo daidai. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba jini mil 2 a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata. Idan ya zubo, bai daskare ba. Dole gilashi ne, roba ba ta ba da amsar gaskiya. Na biyu zazzaɓin da ke zuwa da zubar jini, irin su Lassa da dengi. Mai zazzaɓin da dasashinsa ke jini, ko yake haɓo, ko inda aka soka masa allura ya ƙi daina tsattsafo, ba a ƙara masa allurar tsoka ko diclofenac. A tura shi gaba. Na uku mai ciki da jijjiga ta kama. Tsarin da aka fi bi shi ne magnesium sulphate giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, wato ruwa mil 10 a kowane gefe, sannan giram 5 kowane awa 4. Wannan magani yana ceton rai kuma ba a jinkirta shi. Amma wasu masu jijjiga filatilet ɗinsu na faɗuwa ƙwarai, kuma idan gwaji ya nuna haka, ko ana ganin jini na tsattsafowa, an fi son a ci gaba ta jijiya, giram 1 a kowace awa, inda ake da halin sa ido. Na huɗu yaro namiji da ya yi zubar jini mai yawa bayan kaciya, ko gwiwarsa ke kumbura da ƙaramar faɗuwa, ko ya taɓa yin babban kumburi bayan rigakafi, musamman idan akwai irin haka a dangin uwa. Wannan na iya zama himofiliya, ciwon gado na rashin daskarewar jini da ke samun kusan namiji ɗaya cikin 5,000 da aka haifa. A kai shi a gwada kafin a sake yi masa allurar tsoka.

Akwai inda amfanin allurar ya rinjayi haɗarinta. Adirenalin ga wanda jikinsa ya yi mummunan bore da magani ko harbin ƙwaro har numfashi na sarƙewa ana yin ta a cinya nan take ko da yana shan warfarin. Bitamin K miligiram 1 da ake yi wa jariri a cinya ranar haihuwa ita ce ma ke kare shi daga zubar jini.

Wurin da aka zaɓa yana rage haɗari sosai. Bayan ɗuwawu, inda aka saba, shi ne mafi kusa da babbar jijiyar jini ta ɗuwawu da jijiyar sayatik. Mai yi a nan dole ya raba ɗuwawun gida huɗu a ransa ya soka a gidan sama na waje, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a soka ƙasa da kusa da tsakiya saboda majinyacin yana tsaye ya ɗan zame wando kawai. Gefen kwatangwalo ya fi aminci: majinyaci ya kwanta a gefe ya ɗan lanƙwasa gwiwa, mai allura ya ɗora tafin hannunsa a kan tudun ƙashin cinya na sama, hannun dama ga kwatangwalon hagu, manuniya ta nufi tsinin ƙashin ƙugu na gaba, ɗan yatsan tsakiya ya buɗe baya a kan bakin ƙashin, a soka a tsakanin yatsun biyu. A nan tsoka na da kauri, manyan jijiyoyi sun yi nisa, kuma yana ɗaukar har mil 3 ba damuwa. Damtse, yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin kafaɗa, na ƙaramin magani ne, kamar mil 1. Jarirai da ƙananan yara a tsakiyar cinya ta gefen waje ake musu, ba a ɗuwawu ba.

A soka a miƙe, tsaye a kan fata, tsoka a sake. Mutumin da ya ɗaure jiki, ko yaron da ke fizge-fizge tsinke na ciki, ya fi yagewar jijiya, don haka a riƙe yaro da kyau kafin a soka. A tura magani a hankali, kusan daƙiƙa 10 ga kowane mil, a ɗan dakata, a zare ta hanyar da aka shiga, a danna da busasshiyar auduga. Idan aka ja fatar gefe da santimita 2 zuwa 3 kafin a soka, aka sake ta bayan an zare, hanyar tsinken takan rufe, magani da jini ba sa biyowa. Jan sirinji baya don a ga ko jini zai shigo ba a buƙatarsa a allurar rigakafi, amma a ɗuwawu, da kuma magunguna masu kauri ko masu mai irin su benzathine penicillin da artemether, a ja a riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10. Idan jini ya shigo a zare, a danna, a sake sabon sirinji a wani wuri. Rashin ganin jini a sirinji ba ya nufin ba a huda jijiya a hanya ba.

Idan dole sai an yi wa mai shan maganin tsinka jini allurar tsoka, misali rigakafi, a tabbata INR na kwanan nan bai haura iyakar da aka sa masa ba. A zaɓi damtse, domin ana iya danna shi a kan ƙashi kuma kumburi ba ya ɓuya. A yi amfani da siririn tsinke, lamba 23 mai shuɗin gindi ko 25 mai ruwan goro, maimakon lamba 21 mai kore, amma a duba tsawonsa ya kai milimita 25, domin gajere a kitse zai tsaya. A danna da ƙarfi aƙalla minti 2 ana duba agogo, ga mai himofiliya minti 5 zuwa 10 tare da ƙanƙara, kuma a daidaita ranar da lokacin da aka ba shi sinadarin daskarewa. Wasu magungunan suna da madadin da ba ya shiga tsoka: mace mai shan warfarin da ke allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana iya komawa Sayana Press da ake yi ƙarƙashin fata, mai ciwon zuciya da ake wa benzathine duk wata kuma likitansa na iya mayar da shi kan penicillin na sha.

Shi kuwa Baba, idan Allah ya sa an sallame shi, a nemi likita ya binciki ciwon bayan kansa, ya rubuta maganin da ya dace da warfarin, ya kuma faɗi ranar da za a koma shan warfarin ɗin da ranar sake gwajin INR. A rubuta a kati cewa yana shan warfarin, ba a yi masa allurar tsoka, ba a ba shi diclofenac, ibuprofen ko asfirin sai da izinin likitansa, a sa katin a aljihunsa, kuma duk wanda ke raka shi kemis ko asibiti ya faɗi haka da baki kafin a buɗe sirinji.